Jarumi Ne Ko Maci Amana? Gardamar Masu Karatu Kan Littafin Ƙarshe Na Labarin Zobe

 Duk wanda ya taɓa karanta littafin Hausa mai kashi-kashi ya san zafin jiran na ƙarshe. Ka cinye na ɗaya, ka cinye na biyu, marubuci ya tsaya daidai inda aka zare takobi, ka garzaya shagon mai littattafai ya ce maka na uku bai fito ba tukuna. Ranar da ya fito kuma sai a buɗe sabon babi na gardama a aji da ɗakin kwana. Wannan ya ce marubucin ya burge shi, wancan ya ce an cuce shi, da ya san haka za a ƙare da bai ɓata lokacinsa ba.

Irin wannan gardama ce ta tashi a Ingila a shekarar 1955, kuma har yau ba ta kwanta ba. Littafin da ya jawo ta shi ne The Return of the King, wato Dawowar Sarki, na uku kuma na ƙarshe a labarin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien. Da yawanku sun ga fim ɗin, wasu sun ji labarinsa a bakin yayyensu. Wanda bai karanta ba kuma yake da niyya, to ya sani za mu tona yadda labarin ya ƙare, domin ba a gardama a kan abin da aka rufe.

Yadda littafi ɗaya ya koma uku

An haifi Tolkien a Afirka ta Kudu a 1892, ya girma a Ingila, ya zama farfesan harshe da adabin Ingilishi a Jami'ar Oxford, ya rasu a 1973. Littafinsa na farko na ƙagaggen labari, The Hobbit, ya fito a 1937. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne yaro ɗan shekara 10 ne ya fara tantance shi. Mai kamfanin ɗab'in, Stanley Unwin, ya miƙa rubutun ga ɗansa Rayner, ya biya shi sule ɗaya ya karanta ya rubuta ra'ayinsa. Yaron ya yaba, aka buga. Da littafin ya samu kasuwa sai kamfanin ya nemi ci gabansa. Tolkien ya fara a ƙarshen 1937, bai kammala ba sai bayan kimanin shekara 12.

Shi a wajensa littafi ɗaya ya rubuta. Amma shafukan sun haura dubu, takarda kuma ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai kamfanin ya raba shi uku don rage asara. Na ɗaya ya fito ranar 29 ga Yuli, 1954, na biyu ranar 11 ga Nuwamba na wannan shekarar. Na biyun ya tsaya a wuri mai tayar da hankali: abokan gaba sun kama jarumin labarin da ransa, sun shige da shi hasumiya, sun rufe ƙofa, abokinsa yana waje shi kaɗai. A nan aka bar masu karatu fiye da wata 11, domin Tolkien yana ta fama da taswira da dogon ƙarin bayani na tarihin sarakuna da harsuna da kalanda da zai liƙa a ƙarshen littafin. Wasiƙun masu ƙorafi suka yi ta isa kamfanin. Sai ranar 20 ga Oktoba, 1955 na ukun ya fito. Ko sunan littafin ma bai kwanta wa marubucin ba. Ya fi son a kira shi Yaƙin Zobe, domin a ganinsa sunan Dawowar Sarki ya riga ya faɗa wa mai karatu abin da zai faru.

Labarin a taƙaice

Wani azzalumin sarki mai suna Sauron ya ƙera zobe, ya zuba yawancin ƙarfinsa a ciki don ya mallaki duniya. Zoben ya suɓuce masa a yaƙi, ya ɓace shekaru dubbai, har ya faɗa hannun wasu ƙananan mutane da ake kira hobit. Gajeru ne, manoma, masu son abinci da zaman lafiya, suna zaune a wata ƙasa mai suna Shire. Duk wanda ya riƙe zoben nan, sannu a hankali yake cinye masa zuciya. Ba ya narkewa a kowace wuta sai ta dutse mai aman wuta inda aka ƙera shi, a tsakiyar ƙasar Sauron. Wani hobit mai suna Frodo ya ɗauki nauyin kai shi can, tare da mai kula masa da lambu, Sam. Wanda ya yi musu jagora kuwa Gollum ne, wata ƙanjamammiyar halitta da ta riƙe zoben kusan shekara 500, ya lalata ta, amma har gobe tana begensa. Yayin da su ukun ke ratsa ƙasar abokan gaba a ɓoye, sauran abokan tafiyar, irin su tsoho mai hikima Gandalf da magajin sarauta Aragorn, suna can suna gwabza yaƙi don ɗauke hankalin Sauron.

Gardama ta farko: Frodo ya kasa

Bayan wahalar yunwa da ƙishirwa da raunuka, Frodo ya isa bakin ramin wutar. Kowa na jiran ya jefa zoben. Sai ya juyo ya ce ba zai jefa ba, zoben nasa ne, ya zura shi a yatsa. Nan take Gollum ya afka masa, ya gatse yatsan da zoben, ya hau rawar murna a bakin rami, ƙafarsa ta zame, ya faɗa wuta da zoben a hannunsa. Haka duniya ta tsira.

Wannan wuri ya fi kowane raba kan masu karatu. Tolkien ya ambata a wata wasiƙa ta 1956 cewa wani ya rubuto masa cikin fushi yana cewa kamata ya yi a yanke wa Frodo hukuncin kisa a matsayin maci amana, maimakon karrama shi da aka yi. Masu irin wannan ra'ayi suna cewa an ba mutum amana ɗaya tak, dubban mutane sun mutu don buɗe masa hanya, ya zo gaɓar ƙarshe ya zaɓi kansa. Wasu kuma ba Frodo suke tuhuma ba, marubucin suke tuhuma. Suna cewa ta yaya za a ja mutum shafi dubu sannan a warware matsalar da zamewar ƙafa? A ganinsu sa'a ce kawai, kuma sa'a hanya ce ta marubucin da dabara ta ƙare masa.

Ɗaya ɓangaren yana da hujjojin da ya tsinto daga cikin littafin kansa. Tun a babi na biyu na littafi na ɗaya, Frodo yana zaune a ɗakinsa cikin ƙoshin lafiya, Gandalf ya ce masa ya gwada jefa zoben a wutar murhunsa, ya kasa, ya tsinci kansa yana mayar da shi aljihu. Wanda ya kasa a gida, yaya zai iya a inda ƙarfin zoben ya kai maƙura? Isildur, babban jarumin da ya yanke zoben daga hannun Sauron tun farko, shi ma ya ƙi hallaka shi. Gandalf da kansa ya ƙi karɓarsa ko da ajiya, saboda ya san abin da zai mayar da shi. Ke nan marubucin ya daɗe yana nuna wa mai lura cewa babu mai iya jefa zoben da hannunsa.

Game da zamewar Gollum kuwa, masu kare littafin suna tambaya: me ya sa Gollum yake raye har ya iso wurin? Saboda sau uku ana samun damar kashe shi ana tausaya masa. Bilbo, wanda ya riƙi Frodo kamar ɗansa, ya ƙyale shi a cikin kogo tun a The Hobbit. Frodo ya ƙyale shi lokacin da suka kama shi yana bin sawunsu. Sam, wanda ya fi kowa ƙinsa, ya ɗaga takobi a kan gangaren dutsen, ya dubi halin da yake ciki, ya sauke. Da ɗayansu ya bi fushinsa, da babu wanda zai raba Frodo da zoben a wannan lokaci. Alheri danƙo ne, in ji Bahaushe, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tausayin da aka yi wa wanda bai cancanta ba shi ya dawo ya ceci kowa.

A 1963 Tolkien ya amsa wa wata mai karatu a kan wannan batu. Ya yarda cewa Frodo bai cika aikin da hannunsa ba, amma ya ce ba ya ganin hakan a matsayin laifi na ɗabi'a. Frodo ya ƙarar da duk ƙarfin jikinsa da na zuciyarsa wajen kai zoben inda za a iya hallaka shi, kuma nauyin da ya hau kansa a bakin ramin ya fi ƙarfin kowane mai rai. Ana iya karanta waɗannan wasiƙu a kundin wasiƙunsa da aka buga a 1981. Da Peter Jackson ya zo yin fim ɗin a 2003, sai ya ɗan sauya wurin: Frodo ya sake kama kokawa da Gollum har suka gangara tare, Frodo ya maƙale a gefen dutse, Sam ya jawo shi. Wasu sun ce haka ya fi armashi a ido. Wasu sun ce an ɓata ma'anar, domin an mayar da abin kokawa.

Gardama ta biyu: mikiyoyi

Bayan zoben ya narke, dutsen ya fashe, Frodo da Sam suka maƙale a kan wani tudu wuta na kewaye su. Sai ga manyan mikiyoyi tare da Gandalf, suka sure su. Daga nan aka samu tambayar da ta fi kowace yawo a bakin masu karatu: tunda akwai mikiyoyi masu ɗaukar mutum, me ya hana tun farko a ɗora Frodo a bayan ɗaya ta kai shi dutsen cikin 'yan kwanaki?

Masu amsawa suna cewa duk dabarar tafiyar ta dogara ne a kan sirri. Sauron bai taɓa zaton wani zai so hallaka zoben ba, shi ya sa hankalinsa ya tafi ga rundunonin yaƙi. Garken mikiyoyi a sararin ƙasarsa kuwa ba abin ɓoyewa ba ne, ga shi yana da bayi tara masu hawa wasu halittu masu fukafukai. Sannan mikiyoyin nan ba dabbobin hawa ba ne da ake kira a ɗora musu sirdi, suna da shugabansu da ra'ayinsu. Akwai kuma abin lura: ba su suka hallaka zoben ba, sai da aka gama aikin suka ɗauki waɗanda suka yi shi.

Duk da haka masu ƙorafin ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin shi ma marubucin ya san haɗarin. Da aka kawo masa tsarin wani fim da ake son yi a Amurka, ya ga an cika shi da hawan mikiya, sai ya rubuta a 1958 cewa mikiyoyin dabara ce mai haɗari a labari, shi ya sa ya taƙaita amfani da su. Tolkien yana da wata fahimta da ya bayyana a laccar da ya yi a 1939 kan tatsuniyoyi: a ganinsa tatsuniya mai kyau tana da wani lokaci da komai ya lalace, an fid da rai, sai alheri ya ɓullo ba zato. Ko ka yarda da wannan fahimta ko ba ka yarda ba, da gangan ya yi, ba mantuwa ba ce.

Gardama ta uku: ƙarshen da ya ƙi ƙarewa

A tatsuniyarmu, da an kashe dodo sai a ce ƙurunƙus, kowa ya tashi. A nan kuwa bayan an hallaka zoben akwai sauran babi shida. An naɗa Aragorn sarki, an ɗaura aure, an yi jana'izar sarkin da ya mutu a yaƙi, an yi ta sallama da abokai ɗaya bayan ɗaya. Masu karatu da dama sun ce nan littafin ya yi sanyi, sun ƙosa.

Sai kuma babi na biyun ƙarshe ya zo da abin da ba a zata ba. Hobit huɗun suka iso gida suka tarar an sa ƙofa a gadar shiga ƙasarsu. An sare itatuwa, an rushe tsohon injin niƙa na bakin rafi an gina wani mai hayaƙi da ke zuba ƙazanta a ruwa. An liƙa dokoki a ko'ina, ana ƙwace amfanin gona da sunan za a raba daidai, wanda ya yi magana a kulle shi. Mai wannan aika-aika shi ne Saruman, tsohon shugaban su Gandalf wanda kwaɗayin mulki ya lalata, tare da 'yan daba da wasu 'yan ƙasar da suka ba shi haɗin kai. A wannan karon babu Gandalf, babu sarki, babu mikiya. Su huɗun suka tayar da jama'arsu, aka yi artabu, hobit 19 suka rasa rayukansu kafin a karɓe ƙasar. Da aka kama Saruman, Frodo ya hana a kashe shi, ko da ya kai masa suka da wuƙa. Baransa da ya daɗe yana wulaƙantawa ne ya kashe shi.

Waɗanda ba sa son babin suna cewa bayan an kayar da babban azzalumi na duniya, faɗa da 'yan daba a ƙauye koma baya ne. Peter Jackson ya cire shi gaba ɗaya daga fim ɗinsa. Masu sonsa kuwa suna cewa shi ne zuciyar littafin. Don ceton gida aka fita, to dole a ga abin da ya samu gidan. Kuma a nan ne ake ganin amfanin tafiyar: yaran da suka fita suna tsoron karnukan manomi sun dawo suna iya tsayawa da ƙafafunsu. Babin yana kuma nuna cewa zalunci ba sai daga ƙasa mai nisa yake zuwa ba, yana iya shigowa ta hannun maƙwabci mai haɗama da kuma shirun mutanen kirki.

Wasu a Ingila sun ɗauka Tolkien yana zolayar gwamnatin bayan yaƙi ne da tsarinta na rabon abinci da kati. Ya musanta hakan a gabatarwar da ya rubuta wa bugu na biyu a tsakiyar shekarun 1960. Ya ce tun farko babin yana cikin tsarinsa, kuma idan yana da tushe a rayuwarsa, to ƙauyen da ya yi ƙuruciya ne kusa da Birmingham, wanda gari ya haɗiye yana ji yana gani. A wannan gabatarwa ce ya ce babban aibin littafin a wajensa shi ne ya yi gajarta. Har ma akwai wani babi na rufewa da ya rubuta, inda Sam ke hira da 'ya'yansa bayan shekaru, amma waɗanda suka karanta rubutun kafin a buga ba su so shi ba, ya cire. Ɗansa Christopher ya buga shi a 1992.

Gardama ta huɗu: daɗi ya yi yawa ko baƙin ciki?

A Nuwamban 1955 marubuci Edwin Muir ya yi sharhi a jaridar Observer yana cewa jaruman littafin tamkar yara maza ne da suka sa kayan manya, suna shiga haɗari suna fita lafiya. Yana da abin kamawa. Cikin abokan tafiya tara, ɗaya ne kawai ya mutu bai dawo ba, wato Boromir. Gandalf ma da ya faɗa rami a littafi na ɗaya ya dawo a na biyu.

Amma masu karatu da yawa abin da ya tsaya musu a rai daban ne. Frodo ya dawo gida da sukan wuƙa a kafaɗa, da harbin gizo-gizo a wuya, da yatsa tara. Duk ranar da ta zagayo ta samun raunukan nan sai ciwo ya tashi. Mutanen Shire kuma ba su damu da abin da ya yi ba, abokansa Merry da Pippin masu sulke da dawaki su ake yi wa kirari. Bayan kimanin shekara biyu ya miƙa wa Sam gidansa da littafin da yake rubutawa, ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar har abada don neman waraka. Sam ya koma wajen matarsa da 'yarsa, labari ya ƙare a nan cikin natsuwa, ba ganga ba algaita.

Masu nazari suna haɗa wannan da rayuwar marubucin. Tolkien ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana fagen daga na Somme a Faransa a 1916, har zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan soja ya sa aka mayar da shi gida. Ya faɗa da kansa cewa kafin 1918 duk aminansa na kusa sun mutu in ban da guda ɗaya. Ya ga sojojin da suka dawo da jiki lafiya amma zuciya a karye. Shi ya sa wasu ke cewa wanda ya kira ƙarshen nan mai daɗi bai karanta shafukan ƙarshe da kyau ba. An ceci ƙasar, amma wanda ya fi kowa biyan kuɗin ceton bai ci moriyarta ba.

Gardama ta biyar: Eowyn ta ajiye takobi

'Yan mata masu karatu sun fi tsayawa a nan. Eowyn 'yar 'yar'uwar Sarki Theoden ce. An ce ta zauna ta kula da gida, sai ta yi shigar maza ta bi runduna a ɓoye. A fagen yaƙi ta tsaya gaban shugaban bayin Sauron, wanda aka yi hasashen ba namiji ne zai kashe shi ba, ta cire hular ƙarfe ta nuna ita mace ce, Merry ya soke shi a bayan gwiwa, ita kuma ta ƙarasa shi. Wuri ne da kusan kowa ya yaba. Amma tana jinya sai ta haɗu da Faramir, cikin 'yan kwanaki suka fahimci juna, ta ce ta bar yaƙi, za ta zama mai warkarwa.

Wasu na ganin an ɗaga ta sama ne sannan aka mayar da ita inda aka ce ta zauna tun farko. Wasu suna cewa a duba dalilin fitarta: ta fita ne tana neman mutuwa saboda baƙin ciki, don haka zaɓen rayuwa da warkar da mutane ci gaba ne a wajenta. Suna ƙarawa da cewa littafin bai fifita yaƙi a kan warkarwa ba ko ga maza. Da warkar da majinyata aka gane Aragorn ne sarkin gaskiya, Faramir ya ce ba ya son takobi don kaifinsa, Sam kuma da dashen itatuwa ya gyara ƙasarsa. Wani mai karatu ya rubuta wa Tolkien cewa soyayyar ta yi sauri, ya amsa cewa a lokacin tashin hankali, da mutuwa na kusa, zukata kan yanke shawara da wuri. Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne ƙarancin mata a labarin baki ɗaya. Arwen da Aragorn ya aura ba ta cika fitowa ba, sai a ƙarin bayanin ƙarshen littafi aka ba da labarinta.

Masana da jama'a

Manyan masu sharhi ma sun rabu. C.S. Lewis, abokin Tolkien, ya kare littafin daga masu cewa mutanen cikinsa ko fari fat ne ko baƙi ƙirin. Mawaƙi W.H. Auden ya yabe shi ƙwarai a jaridar New York Times a Janairun 1956, ya kuma lura cewa da wuya ka samu mai matsakaicin ra'ayi a kansa, ko a so shi matuƙa ko a ƙi shi matuƙa. A Afrilun wannan shekarar Edmund Wilson, babban mai sharhi na Amurka, ya ɗauke shi shirmen yara. Jama'a kuwa suka ci gaba da saye. A 1997 masu karatu a Birtaniya suka zaɓi labarin a matsayin littafin ƙarni na 20, a 2003 ya sake zuwa na ɗaya a ƙuri'ar da BBC ta shirya. Fim ɗin kashi na uku ya lashe lambar Oscar 11 a 2004, duk rukunin da aka sa shi takara. Masu neman ci gaba kuwa ba su samu ba. Tolkien ya fara wani labari da zai faru bayan mutuwar Aragorn, ya rubuta 'yan shafuka ya ajiye, ya ce abin da zai fito sai makirci da ɓacin rai, bai cancanci a rubuta ba.

Yadda za ka auna ƙarshen labari

Ko littafin Turanci kake karantawa ko na Hausa, ko wanda aka sa muku a jarrabawar adabi, akwai tambayoyi uku da za su taimake ka kafin ka yanke hukunci. Ta farko, shin abin da ya faru a ƙarshe an shuka irinsa tun farko, ko daga sama ya faɗo? Koma baya ka nemo shaida, kamar yadda masu kare Frodo suka nemo babin murhu. Ta biyu, me nasarar ta ci wa jarumin? Labarin da aka samu komai ba a rasa komai ba, da wuya ya daɗe a zuciya. Ta uku, haushin da kake ji, don marubucin ya yi kuskure ne, ko don bai ba ka abin da ka sa rai ba? Waɗannan biyun sun bambanta, kuma malamin adabi yana ba da maki ne ga wanda ya iya raba su da hujja.

Masu sha'awar rubuta nasu labarin su ma akwai darasi. Idan ka san jaruminka zai kasa ko zai tsira ta wata hanya ta ban mamaki, ajiye alamarta tun a babin farko, don mai karatu ya waiwaya ya ce ashe an faɗa mini ban lura ba.

Wanda zai fara karanta Tolkien ya fara da The Hobbit, ya fi gajarta kuma Turancinsa ya fi sauƙi. Ga kuma batu ga ƙungiyar muhawara ta makarantarku: mutumin da ya ɗauki amana har ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗi taku ɗaya kafin ya isar da ita, yabo ya cancanta ko zargi? Ku raba aji biyu, kowane ɓangare ya zo da hujjarsa daga littafin.